Wankin da Alhaja ta yi, kuma ta biya

Shekaruna sun yi nisa a sana'ar wankin mota, kuma abubuwa da yawa sun shige mini, wasu ma in an tuna mini sai in yi ta lalube. Amma akwai wata ranar Talata da na tabbata har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ban fi wata bakwai da buɗe wurin wankina ba, a wani ɗan fili da na kama haya a bakin titi a Fagge. Mu asalinmu mutanen Borno ne, amma kakana ne ya zo Kano, ni a Fagge na buɗe ido. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata Bayarabiya mai shagon kwanuka da kayan roba a kasuwar Sabon Gari. Kowa Alhaja yake ce mata, ni kuwa Mama nake kiranta, don aminiyar mahaifiyata ce, kuma tun da mahaifiyata ta rasu ita ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta saya mini injin feshin ruwa da ɗan janareto, ta ce ba bashi ba ne, amma duk ranar da ta ga ina wasa da sana'a za ta sa a kwashe su.

Wasa kuwa na yi, ko da yake a lokacin ban san wasa nake ba. Aiki nake tun safe har magariba, motoci ba sa yankewa. Matsalata ɗaya ce, kunya. In mutum ya ce, "Nawa ne?" sai in sosa ƙeya in ce, "Kawo abin da ya sawwaƙa." Motar da ta sha taɓo har rufi da wadda ƙura ce kawai ta hau ta, duk kuɗinsu ɗaya a wurina. Abokai kuwa su miƙo mukulli, in an gama su ce Allah ya ƙara kasuwa, su ja motarsu. Ni kuma daɗi nake ji ana yabona a unguwa.

Ranar da asirina ya tonu, ina cikin wanke wata mota, rabinta duk kumfa, janareto ya yi tari ya mutu. Ba mai, kuma ba ni da kuɗin sayensa. Haka na ƙarasa da bokiti, sannan na ja ƙafa zuwa Sabon Gari wurin Alhaja. Ta saurare ni tana jera kwanuka. Da na gama ta ce, "Je ka, gobe da safe ina nan zuwa."

Washegari sai ga ta da 'yar kujerarta ta roba, da yankin kwali, da biro. Ta bar wa 'yarta shago. Ta zauna a inuwa ta fara yi mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba. Jarka nawa mota ɗaya take sha? Nawa mai garuwa yake kawo kurar ruwa ɗaya? Garin sabulun nan mota nawa yake kaiwa? Litar mai fa? Duk motar da ta shigo sai ta dubi agogonta ta rubuta. Da azahar ta yi ta ɗago kai ta ce, "To kai fa? Hannunka da bayanka kyauta aka ba ka su, shi ya sa kake rabarwa?"

A kan kwalin nan ta nuna mini cewa wasu motocin ni nake biyan kuɗi don in wanke su.

A ranar muka tsara farashi. Wankin waje kawai, jiki da taya, ɗari biyar. Ciki da waje, a fitar da shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe a goge gilashi, dubu ɗaya. Sai babban, wanda za a wanke inji da ƙarƙashi, a bi kujeru ɗaya bayan ɗaya, a sa man ƙyalli, dubu biyu. Na so in raɗa musu manyan sunaye na Turanci, ta ce a'a, a rubuta abin da mutum zai samu da kuɗinsa. Amma da na ce a kira babban "wankan amarya" ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan kam ta yarda. Adaidaita sahu muka ba shi layinsa daban, ɗari uku. A ƙasa kuma ta sa aka ƙara layi guda: ƙazanta ta musamman, irin su amai, jini, ko ruwan kifi da kashin kaji, dubu biyu ko a mota ko a adaidaita, saboda sai an sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da safar hannu, ga cin lokaci. Mai fenti ya rubuta mana a allo, muka kafa a bakin titi.

Sannan ta kama kunnena, da gaske fa, kamar ina ɗan shekara bakwai, ta ce, "Sati biyu zan zauna a nan. In na ga ka rage wa wani ko sisi daga abin da ke allon nan, ko waye shi, injin nan ya bar Fagge."

Kwanakin farko sun yi mini nauyi. Wani abokina ya karanta allo ya ce ashe na zama baƙo, ya tafi. Wani Alhaji mai ƙatuwar jif ya tsaya yana ciniki a kan ɗari biyu, Alhaja ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Alhaji, a shagonka na Kwari haka kake barin atamfa?" Ya yi murmushi ya biya. Wasu sun gudu, gaskiya. Amma kafin sati ya zagayo na sayi mai da kuɗina, na biya mai garuwa, har na yi ragowa.

A rana ta tara abin ya faru. Bayan azahar ne, rana ta take, ba mota ko ɗaya. Alhaja tana kan kujerarta tana jan carbi. Sai ga wani ɗan adaidaita ya shigo a hankali. Magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu, daga shi sai singileti, don rigarsa ya shimfiɗa ta a kan kujerar baya. Ya kashe inji ya sauko. Na leƙa, na ga jini da ruwa sun jiƙa kujerar, sun gangaro har ƙasa. Na ja da baya, na ɗauka hatsari ne.

Ya ce, "Malam, ba hatsari ba ne. Haihuwa ce."

Ya ba ni labari a tsaye, maganar tana sarƙewa. Wata mai ciki ya ɗauko da ƙanwarta za su asibiti. Suna isa mahaɗar Bata suka tarar da cunkoso, gaba ba hanya, baya ba hanya. Ya yi oda har ya gaji, ya sauka ya roƙi mutane, ba inda za a matsa. Matar ta ce ba za ta kai ba. Sai mata masu talla a bakin titi suka ajiye farantansu, suka kwance mayafansu suka zagaye adaidaitar, shi kuma ya juya baya yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har ya ji kukan jariri. Da hanya ta buɗe ya kai su asibiti. Bai karɓi kuɗin mota ba, ya ce bai ma tuna ba. Ga shi bai haɗa kuɗin da zai kai wa mai adaidaitar da yamma ba, kuma ba fasinjan da zai shiga a haka.

Ya ce, "Nawa za ka wanke mini?"

Na dubi allo. Na saci kallon Alhaja, na ga idonta a ƙasa, carbi yana tafiya. Zuciyata tana cewa wanke masa kawai, kunnena kuma yana tuna mini da injin da zai bar Fagge. Na ce, "Dubu biyu ne."

Ya laluba aljihu, ya fito da kuɗi a cukurkuɗe, ya warware su. Ɗari huɗu. Ya ce, "Wallahi iyakarsu ke nan."

Har yau in na tuna amsar da na ba shi sai na ji kunya ta rufe ni. Cewa na yi, "Haka yake a allo."

Bai yi gardama ba. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, zai je gida ya nemi ruwa ya gwada. Ya kama kan adaidaitar zai juya.

"Bawan Allah, tsaya." Muryar Alhaja ce. Ta miƙe da ƙyar, don ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. "Me aka samu?"

Ya ce, "Mace ce, Hajiya."

"Tana da rai? Uwar fa?"

"Duk lafiya. Sai da na ji ma'aikaciyar asibiti ta ce lafiya sannan na taho."

Sai kawai Alhaja ta rangaɗa guɗa a bakin titi, har mai shayin da ke gefenmu ya leƙo. Ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta tuɓe awarwaronta ta zuba mini a hannu. Ta ce in miƙo safar hannu da magani, in karɓo ruwan zafi wurin mai shayi. Na ce, "Mama, bari ni in yi." Ta ce, "Wannan ba aikin maza ba ne. Kai yi waje, ka bar mini ciki." Ta dubi direban ta ce, "Kai kuma je ka zauna, na san ba ka ci komai ba." Ta sa aka kawo masa shinkafa da wake, ta ba shi wata tsohuwar rigata da ke rataye ya sa.

Kusan awa guda ta yi a durƙushe a kan gwiwar nan mai ciwo. Ta ciro kujerar ta wanke ta sau uku, ta bi kowane lungu da buroshi, tana yi tana 'yar waƙa da Yarabanci a ƙasan maƙoshi, wadda ban taɓa jin ta yi ba. Ni kuma ina waje ina feshi, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama ta aike ni na sayo turaren wuta, ta turara cikin. Mutumin ya zo ya tsaya yana kallo, ya miƙo ɗari huɗun nan da hannu biyu. Ta ce, "Mayar. Ka yi naka tun a Bata." Ya buɗe baki zai yi godiya, sai hawaye. Ya yi mata addu'a, ya yi wa iyayenta, har ni da ban cancanta ba ya sa ni a ciki, sannan ya tafi.

Na ɗauka an gama. Sai na ga ta zuge jakarta, ta ƙirgo dubu biyu ta kama hannuna ta danƙa mini.

Na ce, "Haba Mama! Ke fa kika yi aikin."

Ta ce, "Ruwan na waye? Maganin fa? Man janareton da ka kunna? Karɓi, ka sa a cikin cinikin yau."

Na ce, "To ai da kin ce in yi masa kyauta, da na yi. Tsoronki na ji."

Ta dube ni. Ta ce, "Da ka faɗa masa dubu biyu, ban ji haushi ba, kuɗin aikin ke nan. Abin da ya ba ni haushi, mutum ya ce maka an haihu a motarsa, ko barka ba ka yi masa ba, ba ka tambayi uwa ko ɗa ba. Na ce kada ka rage kuɗin allo. Yaushe na ce kada ka yi alheri? Aljihunka ɗinke yake? Da ka ciro dubu biyu naka na kanka ka biya masa, da na san na yi ɗa."

Ta zauna tana wanke hannu, ina zuba mata ruwa da buta. Can, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Ɗana na fari a bayan mota na haife shi, a hanyar asibiti. Bai zo da rai ba. Ina kwance ina jin direban a bakin ƙofa yana yi wa maigidana rigima a kan kuɗin wanke motarsa." Ta yarfe hannunta ta ce, "Miƙo mini awarwarona."

Tun ina rarrafe nake shiga gidan matar nan, amma ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Na durƙusa na sa mata awarwaron da kaina.

Kwana biyu ba ta fito ba, gwiwar ta kumbura, 'yarta ta zo har wurin aiki ta wanke ni tas, wai na bar tsohuwa tana durƙuso ina tsaye. Na karɓi laifi. Da na je dubiya kuwa, tambayar farko da Alhaja ta yi mini ita ce ko na rage wa wani kuɗi da ba ta nan. Na ce a'a. Ta ce to sauran kwanakin ta yafe mini, in ci gaba ni kaɗai.

Yanzu ta tsufa, ta bar kasuwa, ni kuma farashina ya canza sau da yawa, don komai ya yi tsada. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, da can da nake cewa a kawo abin da ya sawwaƙa, ba kirki nake yi ba, kunya ce da son yabo, kuma sana'ata nake yanka ina rabawa. Ranar da na tsaya a kan allo na ƙi kallon mutumin da ke gabana kuwa, ba riƙon sana'a ba ne, tsoro ne. Sana'a tana da haƙƙinta, a faɗi kuɗinta ba kunya, a biya ta cif. Tausayi kuma daga aljihun mutum da ƙarfin jikinsa yake fita, shi ne za ka ji zafinsa, ka san ka ba da wani abu naka.