Kawu Sammani Kuku: Shekara Talatin da Huɗu a Bakin Murhun Wasu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan azumi, wadda ta yi daidai da 11 ga Maris, 2025, jim kaɗan bayan azahar, Inna Halima, matar kawuna, ta kira ni a waya ta ce, "Suwaiba, kawunki ya cika." Hannuna na cikin kwaɓin fulawa a lokacin. Na ce mata na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma, sannan na tsaya ina kallon kwaɓin na rasa yadda zan yi da shi. Kawu, an yi maka sutura a Sabuwar Unguwa, aka kai ka makwanci kafin a sha ruwa. Maza sun ce mani sahu huɗu aka yi. A cikinsu akwai 'yan acaɓa, akwai direbobi, akwai masu kayan miya na Babbar Kasuwa. Daga iyalin gidan da ka yi wa girki shekara talatin da huɗu kuwa, ko mutum ɗaya babu.

Kawu, na san da kana da rai da ka hana ni wannan rubutu. Ka yi shiru iyakar rayuwarka. Ni ban gado wannan hali naka ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sammani Kuku yayan mahaifiyata ne. Daga wani ƙauye bayan Batagarawa ya shigo Katsina yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, daga nan ya samu aikin gadina a GRA, a gidan wani Bature injiniyan ruwa. Kawu, kai ka ba ni labarin ranar da kukun gidan ya tafi bai dawo ba, matar Baturen ta leƙo ta taga ta ce ka wanke hannu ka shigo. A ranar ka fara ganin abin da ya zama sunanka daga baya: kwaɓin fulawa da bota, an murza shi ya yi falan-falan, an naɗe cuku da wani tsiro kore siriri mai tsukakken kai, wanda ta fiddo daga gwangwani ta ce sunansa asfaragas. Ka ce da ta ba ka ka ɗanɗana, godiya ka yi mata, ka zagaya bayan ɗaki ka tofar.

Da za su koma ƙasarsu ta bar maka irin asfaragas ɗin a cikin ambulan. Kowa ya ce ba zai yi a Katsina ba. Ka haƙa fangali uku a bayan kicin, inda inuwar darbejiya ke sauka da rana, ka kawo taki daga ƙauye a kan keke. Shekara uku kana ba su ruwa ba ka yanki ko tsinke ɗaya ba, don ka ce saiwa ce ke bukatar ta yi ƙarfi tukuna. Cukun Turawa ya ƙare tare da Turawa, sai ka koma wurin Buzaye masu kawo cuku daga Agadas, kana goga shi kana kwaɓawa da ɗan kindirmo da ƙwai. Ka yanka kwaɓi gida huɗu-huɗu, ka shafa cuku, ka jera tsinke uku, ka haɗe kusurwa biyu, ka barbaɗa riɗi, sai murhu. Kafin a idar da alwala da nafila ya yi ja ya kumbura. Kullum kana cewa, "Abu ne mai sauƙi. Mai gaggawa kaɗai yake ba wuya." Direbobin GRA ne suka raɗa mashi suna naɗin Sammani.

Bayan an ba Katsina jiha, gidan ya koma hannun Alhaji Garba, babban ma'aikacin gwamnati a lokacin. Ya same ka a ciki kamar yadda ya samu darbejiyar, ya riƙe ku duka biyu. Manyan baƙi daga Kaduna da Abuja sun ci naɗinka a falon nan. Idan sun yaba, uwargidansa Hajiya Madina takan yi murmushi ta ce, "Girkin gidanmu ne." Kana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu kana ji.

Abin da masu falo ba su sani ba, duk ranar da aka yi baƙi sai ka tara gefe-gefen kwaɓin da aka yanke, ka cusa masu alayyafo da albasa, ka gasa tire guda daban, ka fita da shi bakin get wurin direbobi da masu gadi waɗanda ke jiran iyayen gidansu su ƙoshi. Wani dattijo ya tare ni a wurin zaman makoki ya ce, "Shekara ashirin ina tuƙa manya a garin nan. Gida ɗaya ne na taɓa jira ban ji yunwa ba." Bai san sunan mai gidan ba. Naka ya sani.

Ni kuwa, da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu a Ƙofar Marusa, dangi sun zo sun yi mani nasiha sun tafi. Kai ka zo da ganga a bayan acaɓa. Ka kai ta wurin maƙeri aka fasa mata ƙofa, ka zuba rairayi a ƙasanta, ka ce daga yau wannan ne murhuna. Ranar Juma'a kaɗai kake samun hutu, ita ma rabin yini, kuma wata biyar kana kashe ta a tsakar gidana. Ka koya mani kwaɓi da ruwan randa da sassafe, kafin zafin Katsina ya narkar da bota. Na ce ina zan samu tsiron Turawa? Ka ce, "Koren wake ya mutu ne? Karas ya ƙaura?" Da wannan ganga na ciyar da marayuna, da ita babbar ɗiyata ta gama makarantar koyon jinya. Sau biyu kacal ka kawo mani asfaragas na gaske, kuma sau biyun sai da ka nemi izinin Hajiya. Abin da ka shuka da hannunka, ka yi wa ban-ruwa tun kafin su san gidan, ba ka taɓa tsinkar ko ɗaya a ɓoye ba.

Sai Jamila, autar gidan, ta dawo daga karatu a waje. A gabanka aka haife ta, kai ka dafa abincin sunanta. Ta shiga kicin ta ce, "Baba Sammani, koya mani." Ka yi murna har ka zo kana ba mu labari. Wata biyu tana tsaye a kanka da waya tana ɗauka. Da na ga hotunan a wayar maƙwabciyata, hannuwanka ne kawai a ciki, na gane su da tabon ƙunar nan na babban yatsa. Babu fuska, babu suna. Ba a jima ba ta buɗe shago, naɗinka ya shiga kwali mai ɗauke da sunanta, ya zama abin yayi a bukukuwan manya. Muna tare da kai ranar da aka yi hira da ita a rediyo, aka tambaye ta inda ta koyo, ta ce a ƙasar waje. Na miƙe zan kashe rediyon ka ce in bari. Da aka gama ka ce, "Yarinyar tana da hannu. Allah Ya sa albarka." Na yi kwana uku ina jin haushinka a kan wannan magana.

Azumin shekara uku da suka wuce, Alhaji ya tara manyan mutane shan ruwa. Ciwon suga ya riga ya kama ka, likita ya ce ka ajiye azumi ka ƙi. Tun hantsi kake tsaye gaban wuta. Ka fito da tire, jiri ya ɗebe ka a tsakiyar falo, tire ya kife a kan kafet da rigar wani baƙo. Washegari aka aiko Mubarak, direban gidan, ya faɗa maka an hutar da kai, kuma ana bukatar ɗakin nan da mako guda. Mubarak ya ce mani sau uku yana zuwa ƙofarka yana komawa kafin ya iya buɗe baki. An haɗo ka da buhun shinkafa da turmin atamfa na Inna Halima. Alhaji bai fito ba. Tsakanin falonsa da ɗakinka bai kai taku arba'in ba.

Ka koma ɗakin haya a Sabuwar Unguwa. Gyambo ya fito maka a ƙafa ya ƙi warkewa. Duk tsawon jinyar nan ban ji ka ambaci gidan da mugun baki ba, kuma ka hana mu zuwa neman taimako. Abu ɗaya ka roƙa. A watan Sha'aban da ya wuce ka kira ni ka ce, "Suwaiba, ki je ki gaishe mani da Hajiya. Ki ce ina roƙon saiwa uku, in dasa a bokiti nan bakin ƙofa. Ina son in riƙa ganinsu."

Na je. Sabon mai gadi bai san sunanka ba. Na daɗe a tsaye a rana kafin a aiko cewa Hajiya tana hutawa. Mubarak ne ya gan ni, ya zagaya da ni ta baya. An sare darbejiya. An shafe wurin da siminti, an kafa rumfa, motoci uku suna fake a kan fangalanka. Ya ce tun bara aka yi, leburori suka tone saiwoyin suka watsa a juji, sun ɗauka ciyawa ce. Ba wanda ya fito ya ce masu ba ciyawa ba ce.

A hanyar dawowa na shirya gaskiya, na shigo ɗakin na ga idonka a kan hannuna, sai na kasa. Na ce, "Suna nan kore shar, Kawu. Hajiya ta ce a bari sai bayan salla." Ka ce, "To, madalla. Wa ke ba su ruwa?" Na ce sabon gadina. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Allah Ya yi maki albarka," ka juya fuskarka bango. Sai bayan rasuwarka Inna Halima ta faɗa mani cewa a ƙarshen sanyi kakan yanke masu ruwa su bushe su huta, ba su taɓa yin kore a wannan lokaci ba. Ashe ka gane tun kalmar farko. Ka rufa mani asiri kamar yadda ka saba rufa wa kowa, kuma ba ka sake tambaya ba. Maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da kai ƙarya ce, kuma mutanen da ba su san ina yi ba na yi wa ita.

Ranar sadakar uku, gab da shan ruwa, wata doguwar mota ta toshe lungun. Hajiya Madina ce da Jamila, an biyo su da kwalaye huɗu masu sunan shagon. Hajiya ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ai Sammani ɗan gida ne. Mu aka yi wa rashi." Da aka kira salla, Inna Halima ta sha ruwa, ta jawo kwali ɗaya, ta ɗauki naɗi ta ɓare shi biyu ta duba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Jamila, cikinsa ɗanye ne. Ya sha faɗa maki ki daina buɗe murhu kina leƙawa." Jamila ta sunkuyar da kai, sai hawaye. Ban san ko na kunya ba ne ko na rashi, Allah Shi ya san zuciya. Inna ta ce a raba wa mutane, abinci ba shi da laifi. An raba. Ni ban ci ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba.

Ana ta ce mani in yafe, wai kai ka yafe. Na yarda ka yafe. Amma haƙurinka ne ya sa abin ya zo masu da sauƙi, Kawu, kuma garin nan cike yake da irinka: masu shiga ta ƙofar baya da asuba, su tsufa a gaban wutar wasu, ranar da hannu ya fara rawa a aiko direba. Ina roƙon Allah Ya sanyaya mani zuciya. Har yau dai ba ta sanyaya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba.

Ya Allah, ga bawanKa Sammani ya zo maKa a watan rahama. Ka gafarta mashi, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya tsayuwar da ya yi gaban wuta ta zama katanga tsakaninsa da wutar lahira. Ka sa kowace loma da ya miƙa wa mai jin yunwa a bakin get ta tarbe shi a mizani. Ka ba shi lambu a Aljanna wanda babu mai tashinsa daga ciki. Ni kuma Ka yafe mani abin da harshena ya faɗa mashi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Halima, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana wanke rigunan da hayaƙi ya rina, da 'ya'yansa Salihu da Baraka, da jikoki, da dangi na Batagarawa. Ina yi wa Mubarak, wanda ya ajiye motar maigidansa ba da izini ba ya zo ya ɗauki makara. Ina yi wa direbobi da masu gadin GRA na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gidan Alhaji Garba kuwa, ina yi masu fatan gamawa lafiya. Ta'aziyya dai wanda ya yi rashi ake yi wa.

Suwaiba Abdulmumini
Ƙofar Marusa, Katsina