Huhun Sumani da Lambar Tagulla

Kullum bayan sallar asuba Malam Sumani yakan hau jirgin ƙasa daga unguwar Morrisania, can ƙasar Turawa, zuwa wani shagon kayan wasanni, ya gangara ɗakin ƙasa. Nan ya shafe shekara ashirin da biyu yana narka kaki da dutsen guga a bayan ski, allunan nan da ake zamiya da su a kan ƙanƙara. Ɗan zongon Kumasi ne, bai taɓa ɗora ƙafa kan ski ba, ya ce shi bai haukace ba tukuna.

'Yan biathlon suka fi nemansa, masu tsere kan ƙanƙara da bindiga goye a baya, su tsaya su yi harbi su wuce. A wasan nan, in kaki bai dace da ƙanƙarar ranar ba, ka sha kaye tun ba a fara ba.

Shi ma ya taɓa kayar da wata. Na'ima Faruƙ, 'yar biathlon haifaffiyar unguwar Soundview, ta bugo masa daga filin gasa a arewacin jiharsu, da guntuwar Hausarta: "Baba, ƙanƙara ce sosai." Ya shafa wa ski ɗinta kakin daskararriya, babanta ya kai mata, ashe jiƙaƙƙiya take nufi. Kalma ɗaya gare mu, Turawa kuwa kowace iri da sunanta. Ta zo ta ƙarshe. Abin ya ci masa rai, bai kuma sake yarda da kalmar nan ita kaɗai ba. Sai ya ce, "Wane iri? Kamar gari ne, ko gishiri, ko koko? Damƙa shi da hannu, gaya mini."

Hayaƙin kakin kuwa yana cinsa a hankali. Bara likita ta nuna masa hoton huhunsa, ta ce in ya sake shaƙa, sauran numfashinsa zai dawo a cikin tukunyar oksijin. Matarsa Yaa ta ɓoye dutsen gugar.

Sai ga gasar ƙasa da ƙasa ta zo jihar, ita ce ta ƙarshe ga Na'ima. Ba ta roƙe shi ba, shi ya kira.

"Baba, no. Doctor ta hana."

"Doctor bai san ƙanƙara ba. Damƙa shi."

Ta damƙa, ta ce koko. Ya ari dutsen guga, ya yi awa uku a tsaye.

Ta ci lambar tagulla. Aka kira sunanta, da ƙasarta, da kocinta. A lokacin Sumani yana gadon asibiti da roba a hanci, kuma har yau ba a cire ta ba. Wallahi ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyarsa.

Kai ne, Malam Sumani, ka yi kuskure sau ɗaya ka ƙi yafe wa kanka. Maigidan Yaa, mai hannu ba rawa, mun gode. Allah Ya sassauta maka, Ya ba Yaa haƙurin zama da taurin kanka.

Ku masu sana'a, ku koyi tambayarsa kafin ku sa hannu a aikin mutane. Wanda kuma ya bi ta Morrisania ya shiga ya gaishe shi. Ku yi sallama ku zauna, kada ku tsaya jiran ya amsa da baki. Hannu yake ɗagawa yanzu.