Gaiwar da Aka Gina a Bango

Gidanmu gidan masunta ne, a wani ɗan ƙauye bakin gulbi kusa da Kalgo. Da an idar da magariba, kakarmu Inna Ige takan hura wutar banda ta jera kifin da baba ya kamo, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na shiga ido, amma ba mai tashi. Kowa da wurin zamansa. Na ƙanena shi ne cinyarta.

Sunansa na yanka Umaru, sunan marigayi kakanmu, don haka ba mai furta shi a gidan. Inna Ige ta ce masa Maigida, kowa ya bi.

"Maigida, yau ma babu cefane? To, na fita aurenka!"

Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya cusa kai cikin zanenta.

Wata shekara, tun Turawa na nan, aka aiko daga wurin hakimi cewa unguwarmu ta ba da yaro ɗaya a kai shi makarantar boko a Gwandu. Ni na riga na fara riƙe wa baba jirgi, sai aka nuna Maigida, yaron da ko famfara bai gama ba. Ba a nemi shawarar kowa ba.

Da ya zo hutun farko, Inna Ige ta ware masa kifi mafi maiƙo. Aka hura wuta, muka zauna, shi kuwa ya koma can nesa bisa turmi.

"Maigida, taho mana. Cinyarka ta yi sanyi."

"Sunana Umaru," in ji shi.

Uwarmu ta tashi ta shige ɗaki.

Daga baya ya gaya mini abin da ya faru. Ranar farko malam ya yi ta kiran Umaru, bai waiga ba, don ba a taɓa kiransa haka ba. Da ya ce shi Maigida ne, aji ya fashe da dariya, ana cewa maigidan wa. Yara kuma suka riƙa toshe hanci wai yana warin banda, har ya dinga dirje jikinsa da toka. Malamin ba mugu ba ne. Bai dai tambaya ba.

Inna Ige ba ta yi faɗa ba. Ta juya kifi, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga ta nan tafe, jiƙe sharkaf."

Muka ce, "Ta matso ta sha wuta."

Ta ba mu labarin wata 'yar gaiwa. Da rani ruwa ya janye, ta nutse cikin laka kamar yadda iyayenta ke yi, tana jiran damina. Sai magina suka haƙa lakar, suka yi tubali da ita a ciki, suka kai birni suka gina bango. Gaiwa ta zauna a bango shekara da shekaru. Ta ji cinikin 'yan kasuwa, ta ji shari'ar alƙali, har ta fi mutanen gidan sanin maganar birni. Ƙadangaru suka ce mata ita ma ƙadangare ce, ta yarda. Sai wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, bango ya jiƙe ya zube, ruwa ya ɗauke ta. "Wutsiya ta kaɗa kanta," in ji Inna Ige. "Ba wanda ya koya mata. Nan na yar da kan ɓera."

Daga kan turmi muka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Inna, in sunka yi ma bangon yaɓe mai kyau hwa? In ruwan bai shiga ba?"

Kifi ɗaya ya ƙone a gaban Inna Ige ba ta lura ba. Da hutu ya ƙare aka zo aka tafi da shi, muna tsaye.

Ya yi karatu, ya zama akawu a Sakkwato, mutumin kirki mai aiko da alheri. Da Inna Ige ta kwanta ciwon ajali ya zo. Idonta ya riga ya tafi, ta yi ta laluben tabarma tana cewa, "Ina Maigida?" Yana durƙushe a gabanta, amma ya kasa cewa na'am. Ni na kama hannunsa na ɗora a nata.

Yanzu da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar farko malaminmu, yaro ne sa'an ɗana, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Baba, da wane suna ake kiranka a gida?" Ashe abin bai fi haka ba, tambaya ɗaya.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar alkawari ce, cewa ruwa zai zo. Yanzu ina ganin roƙo ne tsohuwa take yi, don ba ta da abin da ya wuce shi. Ƙanena yana nan da rai, ya yi ritaya. In ya zo gida muna zama bakin wutar banda, yana ɗan matsowa kusa fiye da da. Ban daina kiransa Maigida ba. Har yau bai amsa ba, amma ya daina gyara mini.