Sau Biyar, In Ji Asibiti

Tun ina saurayi sau ɗaya nake cin abinci a yini. In tafi gonar citta da ruwa kawai a cikina, in dawo da yamma in tasa tuwon acca wanda zai ƙosar da mutum uku. Haka na yi ta yi har tsufa ya zo, jiri ya fara ɗibata. Ranar da na faɗi da babur a hanyar Kafanchan, babbar 'yata ta ƙwace makullin, ta ce ba ni ba hawa sai asibiti sun yarda. A ƙauyenmu kuwa dattijon da ba shi da babur, ko gaisuwar mutuwa sai an ga dama a kai shi.

A asibiti aka ɗebi jinina. Nas ta ce suga ya yi yawa a jinin, mai ma ya yi yawa. Na ce mata man bai ba ni mamaki ba, don ban taɓa wuce mai gasa naman alade ban tsaya mun gaisa ba. Ta yi mini bayani cewa in na wuni da yunwa suga yakan sauka, in na antaya tuwo lokaci guda kuma sai ya haura, man ma ya bi shi. Ta yi dogon jawabi. Abin da na riƙe shi ne in riƙa ci sau biyar.

A aji uku na bar makaranta, amma biyar na san ta. Na dawo gida na sanar da matata an ƙara mini abinci. Wata guda cur ina share cikakken kwano sau biyar, ina yabon ilimin zamani.

Da na koma aka sake ɗibar jinina, nas ta dubi sakamakon, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, yaya kake cin abincin nan?"

"Sau biyar, 'yata. Ko ɗaya ban tsallake ba."

"Kwano ɗaya na ce ka raba gida biyar. Kai kuma ka mai da shi kwano biyar."

Daga ranar matata ta karɓi rabon. Takan gutsuro tuwo kamar na jariri, ta cika sauran kwanon da miyar ganye. Na yi fushi na mako biyu, ba wanda ya kula.

Bayan wata uku suga ya sauko, ko da yake bai kai inda nas take so ba. Jirin dai ya bari. 'Yata ta dawo mini da makulli bisa sharaɗi: duk inda za ni, sai an ɗaura mini ƙunshin abinci a bayan babur. Na ƙarfe goma nakan ci shi a gindin wani mangwaro kafin Fadan Kaje, ina juya wa hanya baya don kada tsarana su ga girman lomar.