Baburan da Muka Binne a Matmura

Ana idar da sallar asuba muka bar Damazin, mu uku a tsohuwar boksin kawuna, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya. Kawu ke tuƙi, yayana na gefen taga, ni a tsakiya gwiwata na karo da sandar giya. Ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad muka nufa, karo na farko tun da yaƙi ya kore mu daga Jazira. Babura uku za mu ɗauko: na limaminmu, na wani maƙwabci, da na Yaya. Ranar da za mu gudu aka binne su a matmura, ramin da muke ajiye dawa, don kada 'yan wawaso su gan su. Da wannan babur Yaya yake ciyar da gidansa, yana saro madara a rugage yana kaiwa kasuwa. Tun zuwanmu Damazin yake zaune da iyalinsa a ɗakin aro, sai dako in ya samu. Ni kuwa an tafi da ni ne saboda jami'a a rufe take, kuma a cewar Kawu ba ni da nauyi ba ni da surutu, don haka ni zan zauna a baya in kula da igiya a dawowa.

Kwaltar ta farfashe, wani wurin ma gara a sauka gefe a bi ƙasa. Ba ma yin nisa sai shingen bincike, a dubi takardunmu, a dubi fuskokinmu, a tambaye mu ƙauyenmu. Yaya bai damu ba. Tun da muka zo Damazin ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba. Yana ta lissafa rugagen da ya gano a bayan Rusairis, da matan shayin da suka yi masa alkawarin sayen madara.

A Sinja Kawu ya karkata unguwar makanikai. Ya ce bayan motar ya gaji, ko buhun albasa aka ɗora sai ta durƙusa kamar raƙumi. Ƙarafan sifirin na baya, waɗanda muke kira yai, sun baje babu sauran lanƙwasa. Usta, wato babban makanike, ya ɗaga motar da jak, ya kwance damin ƙarafan, ya cusa falle biyu a kowane gefe, ya ɗaure da dogayen kusoshi. Daga wata motar da aka yashe ya ciro su. Ya ce ba ya taɓa na ƙonanniyar mota, ko da yake su suka fi yawa yanzu, domin ƙarfen da ya sha wuta in ya lanƙwashe ba ya komawa. Muna jira muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi a kwano ɗaya. Kuɗin da ya isa mu ci mu ƙoshi mu uku a da, yanzu da ƙyar ya saya wa mutum ɗaya. Mai shayin da ke wurin Bahausa ce, ta ji harshenmu ta tambayi ƙauyenmu, ta yi mana ta'aziyyar mutum biyu da ba mu ma san sun rasu ba.

Da muka tashi, bayan motar ya ɗage sama, kuma kowane rami sai mun ji shi a ƙashin baya. Kaina ya bugi rufi har na daina gyara hula. Kawu ya yi dariya ya ce haka yai yake, in ba a ɗora masa kaya ba sai ya yi ta faɗa da mutane, kamar magidancin da ba shi da aikin yi. Ya faɗa kafin ya tuna wanda ke gefen taga. 

Bayan azahar muka shiga ƙauye. Tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, ta bushe, ƙaya ta cinye inda auduga take. Gidaje na nan, amma babu ƙofa babu taga. Tsofaffi kaɗan sun dawo, muka zagaya gaisuwa, kowace gaisuwa ta koma ta'aziyya.

Matmura tana da ƙa'ida. In an zuba dawa, ana rufe ta da ƙaiƙayi da kara, sannan a tara ƙasa a kai ta yi tudu, don ruwan sama ya gangare. To amma tudu shi ke nuna wa ɓarawo inda rami yake. Ranar gudu sai aka baje saman, aka daidaita shi da ƙasa, har aka kora awaki suka tattake. Kowa ya yaba dabarar. Babu wanda ya zaci za mu kai damina, balle biyu. Ɓarayi ba su gane wurin ba, mu ma da ƙyar muka gane shi, sai da muka lura da inda ƙasa ta lotsa kamar kwano.

Na liman muka fara tararwa, shi ne a sama, tsatsa kaɗan ce a jikinsa. Kawu ya ce ko a rami malamai ke sahun gaba. Na maƙwabci ya sha laka zuwa rabi. Na Yaya shi ne a ƙasa, domin shi ya fara saka nasa, ya ce can ya fi tsaro. Baƙar laka ta haɗiye shi har madubi. Sai da muka sa igiya, motar ta ja shi. Yaya ya tsuguna yana ɓamɓare lakar da yatsa, ya gwada taka kik, ƙarfen bai motsa ba. Ya ce laka ce kawai, in an wanke zai tashi.

Muka kwana a masallaci, da safe muka yi lodi. An jingina katako, aka tura na liman da na maƙwabci gefe da gefe, ƙafafun gaba manne da bayan kan mota, na Yaya a tsakiya yana kallon baya. Muka cusa tsofaffin tayoyi a tsakani, muka ɗaure kowanne daga kai zuwa ƙugiyar bodi har sai da gabansa ya nutse. Da lakar da ke cikinsu sun fi yadda Kawu ya ƙiyasta nauyi, amma motar ta zauna daidai, ta daina tsalle. Na hau baya. Duk inda muka faɗa rami igiya na sassautawa, in buga rufi, a tsaya a ƙara ja. A wani shinge soja ya ga babura uku ya ɓata fuska, ya karɓi takardu, ya zagaya ya dubi na tsakiya. Ya ce mu wuce, wannan babu mai satarsa.

A Sinja Yaya ya roƙi usta ya duba. Usta ya kwance fulogi, ya karkata babur ɗin, jan ruwa ya zubo.

"Ma'alesh, ya zol," in ji shi, wato yi haƙuri, bawan Allah. "Injin ya manne. In kana so, in sayi tankin da ƙafafun."

Yaya ya ce, "Ku kama mini mu mayar da shi mota."

Da la'asar muka iso Damazin. Aka kai wa liman nasa, aka kai wa maƙwabci, aka sauke na Yaya a tsakar gidan aro. Ƙaramar ɗiyarsa ta fito da gudu tana cewa babur ɗin Baba ya zo, a ɗora ta. Matarsa ta dubi lakar, ta dubi fuskarsa, ta koma ɗaki. Yaya ya ɗora yarinyar a kan tanki, ya kama kai yana turawa, tayoyi babu iska, yana yi mata ƙarar inji da baki.

Tafiyar ta koya mini cewa ɓoyewa daban, adanawa daban, kuma mai gudu ɓarayin da ke bayansa kawai yake tunawa. Yanzu kowace safiya kafin ya fita neman dako, Yaya na ɗiga man gas a ramin fulogi, ya bar shi ya jiƙa, ya hau kik da duk nauyinsa. Har yau bai motsa ba.