Na Saki Makarar Mahaifina

A lokacin ina sayar da wake buhu-buhu. Mu Kanawa ne haihuwar unguwar Wulari, kuma ni ne babba a gidanmu. Ƙaba ta daɗe tana damuna, in na ɗaga buhu kumburin ya fito a matsematsina, in na kwanta ya koma. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa sai matata. Da likita ya ce za a yi mini aiki da safe a sallame ni da yamma, wallahi murnata ba ta samun lafiya ba ce, ta cewa ba wanda zai sani ce. Ya gargaɗe ni kada in ɗauki abin da ya fi buta nauyi sai ɗinkin ya kama. Aka yi aikin, na dawo gida na sa matata ta riƙa cewa zazzaɓi nake yi.

Mahaifinmu yana kwance ba lafiya, kuma ni nake ɗaga shi in yi masa wanka. Da ya ji ni shiru ya aiko a duba ni, na ce a gaya masa ina nan tafe. Ban je ba, don na san yana ganina zai miƙo hannu in tayar da shi. A cikin satin Allah Ya karɓi abinsa.

Da aka fito da makara mutane suka buɗa mini hanya. Na kama, ban yi nisa ba na ji kamar an zuba mini garwashi a mara, na saki. Makarar ta karkata, sai da wani maƙwabcinmu ya tare da kafaɗa. A maƙabarta baffana ya ce in shiga in karɓi mahaifina. Na tsaya a bakin kabarin, na kasa sauka, na kasa faɗin dalili. Ƙanena ne ya shiga.

Bayan an share makoki na gaya wa baffa gaskiya. Sai ya ce ai mahaifina ma an yi masa wannan aikin tun yana saurayi, shi ya yi jinyarsa. Ashe wanda na fi ɓoye wa shi ne zai fi kowa fahimta.

Ɗinkin ya warke tuni, baƙin cikin bai warke ba. Ciwo ba abin kunya ba ne, jama'a, ko a ina ya fito. In an yi maka aiki ka faɗa wa naka. Ni nawa mahaifin ya rasu yana jirana.