Ungozomar Macijiya a Nima

Zariya zuwa Ikko

Asalatu ba a kira ba na fita daga gida, da ƙullin kayana da ƙwaryar fura. Ni Inna Kande, ungozoma, ban taɓa wuce Kaduna ba. Abin da ya tayar da ni, fatake ne suka zo da labarin autata Ladi ta yi nauyi. Ƙanin ubanta ne ya riƙe ta a Ankara ta ƙasar Gana, can ta yi aure, ga shi ya rasu, cikin fari kuma ba a barin yarinya da shi ita kaɗai.

Na bi wasu mata 'yan kasuwa muka shiga jirgin ƙasa da hantsi. Kwana biyu muna kan bencin katako, har na manta ina da ƙugu. A Jaba muka haye Kwara, na sayi soyayyen kifi na taro, ya fi na sule a garinmu daɗi.

Ikko zuwa Ankara

Muka kwana gidan wata Bakatsiniya, da sassafe muka hau babbar mota. Iyaka uku muka tsallake, kowace da nata 'yan sandan da nata yaren. A ta ƙarshe wani ya kwance ƙullina, ya ɗaga kanwa yana shinshinawa.

"Ta mai jego ce," in ji direba.

Ya mayar da sauri, har da sara mini. A wani ƙaton kogi aka ɗora motar kacokan a jirgin fito, ni dai salati nake har muka haye. La'asar sakaliya muka sauka tashar Sakul, wani babban shataletale a Ankara, na ga ruwa yana tsartuwa sama a tsakiyar hanya ba mai tara.

Nima

Surukina Salifu ya tarye ni. Badagombe ne daga arewacin Gana, kuku a gidan wani Bature malamin makaranta. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Mma, sannu da zuwa. Ladi ya gaji, shi ba ya iya tafiya." Na waiga ina neman wani namiji mai suna Ladi. Ashe Hausar Zango ke nan, mace da namiji duk "shi" ne, har uwar da ta haife ka.

A unguwar Nima suke, zangon baƙi. Gidan haya ne mai ɗaki barkatai, Mosi da Zabarmawa da Wangarawa duk murhu ɗaya. Kafin in wanke ƙafa an ajiye mini kwano huɗu, kokon matar mai gida kuwa ban taɓa shan mai yajinsa ba. Sai na shiga ɗakin 'yata na ga akwatin gilashi a bakin taga. Na leƙa. Wayyo Allah! Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, ba ɗankwali.

Salifu ya yi ta ba ni haƙuri. Baturensa ya tafi hutu ƙasarsu, an kulle gidan, ya bar masa amanar macijin da ya zo da shi daga Amurka. Ba shi da dafi, ƙananan kifi da tanar ƙasa yake ci. Da hankalina ya dawo na duba da kyau. Kaurinsa kamar yatsa biyu, baƙi-baƙi, da zane ruwan ɗorawa guda uku tun daga wuya har wutsiya, kamar saƙar zare. Tsakani da Allah halitta ce mai kyau.

Damuwar ita ce ya daina cin abinci, ya kumbura. Mai gida, Baba Musa, ya ce ciwo ne, kuma ba za a ajiye mugun abu yana ruɓewa a gidan da mai ciki take ba. Ko a kashe shi kafin Juma'a, ko Salifu ya nemi wani ɗaki. Salifu ya ce abin da aka ba shi da rai, da rai zai mayar. Na ji daɗin maganar, amma na ce wa Ladi a asirce, in aka fitar da kayansu waje, ƙafata ƙafarta sai Zariya. Ta yi ta kuka, don tana son mijinta.

Ranar Laraba

Tun da ba ni da aikin yi, na zauna ina kallonsa daga nesa. Da rana ta faɗo ta taga sai ya ja jiki ya shimfiɗa bayansa a cikinta, kansa a inuwa. Kumburin ba a wuri ɗaya yake ba kamar na wanda ya haɗiyi kwaɗo, daga tsakiya ya fara ya gangara har gindin wutsiya, fata ta miƙe har ana ganin tsakanin ɓawon. Wuya kuwa ya rame. Idonsa garau, harshe na aiki. Marar lafiya ba ya neman wurin kwanciya da irin wannan yanga. Na ce a raina, da mace ce da na san sunan wannan ciwo.

Da Salifu ya dawo na ce, "Wai shi wannan, namiji ne?"

"A'a, Mma. Shi mace ne."

"Mace! Kwana nawa kana ce mini shi, shi?"

"To, ai shi ne."

Ladi ta yi dariya har ta riƙe mara. Na tambaya ko ta taɓa zama da namiji. Ya ce biyu ne a akwatin, Bature ya ba abokinsa ɗayan ana gab da tafiya, wata na uku ke nan.

Na yafa gyale na sami Baba Musa a kan buzunsa. "Malam, wadda ka ba wa'adi juna biyu gare ta."

Ya ajiye carbi. "Maciji ai ƙwai yake yi."

"Kasa fa, ba haihuwa take ba?"

Matarsa ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Mahaifinka Alhassan bai taɓa korar mai ciki a gidan nan ba, kai ma ba za ka fara ba." Ya ce to, a jira ta sauka, amma in ta mutu maganarsa tana nan.

Nan tsoro ya kama ni, don a garinmu cewa ake 'ya'yan kasa huda cikin uwar suke su fito. Na ciji yatsa, ni da bakina na kawo misalin.

Bayan mako biyu

Macijiya ta yi saɓa, ta ƙara lafewa. Matan gida suka maida ƙofarmu dandali, kowace da safe sai ta leƙo, "Yaya mai nauyi?" ba ka san wacce ake nufi ba. Wata Talata da hantsi Ladi ta ƙwala mini kira. Macijiya ta ɗaga wutsiya, jikinta yana matsawa a hankali, sai ga ɗa ya sulluɓo cikin 'yar jaka mai sheƙi. Ya motsa, ya huda ta da kai, ya fito da zanensa uku cif, bai kai tsinken tsire ba. Wani ya biyo. Ba ƙara, ba jini, ba wanda ya riƙe ta. Shekara talatin ina karɓar haihuwa, ban ga mai natsuwarta ba. Sha huɗu ta zuba, ta lallaɓa ta sha ruwa abinta. Matan Zango suka rangaɗa guɗa, Salifu ya zauna a ƙasa yana share ido da hular aikinsa.

Washegari da na fito alwala na ga mutum tsugune a bayan gida inda ruwan wanka ke bi, ya naɗe hannun riga yana tonon ƙasa. Baba Musa ne, da gwangwani.

"Malam, lafiya?"

Bai ɗago ba. "Mai jego ba ya kwana da yunwa a gidana."

Komawa gida

Ladi ta sauka da 'ya mace bayan kwana tara, lafiya lau. Na yi mata wankan jego har arba'in, itacen kuwa maƙwabta ne suka riƙa kawowa daga kasuwar Agbogbloshi, ba wadda na roƙa. Bature ya dawo ya kwashi kayansa yana ta murna, Salifu ya koma bakin aiki.

A tasha Ladi ta riƙe gefen zanena. Na ce, "Saki, 'yar nan. Mutanen da suka yi wa macijiya haka, ke me za su yi miki?" Na hau mota ni kaɗai, ban waiga ba sai da muka yi nisa, sannan na yi kukana son raina.

Hanyar da na bi ita na maimaita, na iso Zariya ranar Asabar ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya saka wa mutanen Nima da alheri, ya raya abin da aka haifa.